Muhawara: Waya ta kashe rediyon teku, ko da sauran aikinsa?

Ɗalibi a Plymouth:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu aikin jirgin ruwa da ke cikin zauren nan. A nan Ingila tashar BBC Radio 4 tana karanto hasashen yanayin teku kullum, ɗaya daga ciki ƙarfe 12:48 na dare. Mai karatu sai ya yi ta jero sunaye, Viking, Dogger, Fisher, Humber, Thames, har yankuna 31, kowanne da iskarsa da lambarsa, ba bayani ba komai. A 2025 har bikin cika shekara 100 suka yi wa shirin. Ban da wannan, masu gadin teku su ma suna karanta nasu a rediyon jirage duk bayan awa uku. To a zamanin da kowa ke da waya a aljihu, me ya rage wa wannan abu? Al'ada ce kawai suke riƙewa, ko da gaske akwai mai dogaro da shi?

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam. Al'ada ce, malam. Bature da son tsohon abu. Ka sauke manhajar Windy a wayarka yanzu, za ka ga iskar duniya gaba ɗaya tana tafiya a kan taswira, ka taɓa duk inda kake so ta faɗa maka ƙarfinta da na kwana biyar masu zuwa. Wa zai zauna jiran wani ya karanto masa ƙarfe ɗaya saura na dare? Manyan jirage ma yanzu Starlink suke ɗaurawa.

Hafsan Jirgi:
Ɗan'uwa mai waya, gaskiya ne muna da intanet a jirgi, kuma ni kaina ina duba Windy kafin in karɓi aiki. Amma bari in tambaye ka. Kana tsakiyar ruwa, wuta ta tashi a ɗakin inji, ga waya a hannunka da sabis cike. Wa za ka kira?

Mai Gyaran Waya:
Lambar gaggawa mana.

Hafsan Jirgi:
Madalla. Ka kira ofis da ke tudu, mil ɗari daga inda kake. Alhali ga wani jirgin dakon mai mil huɗu a bayanka, wanda cikin minti ashirin zai iso. Kana da lambar kyaftin ɗinsa? Ka ma san sunan jirgin? Nan ne gizo ke saƙa. Waya mutum ɗaya take kira, wanda ka riga ka sani. Rediyo kuwa idan ka danna ka yi magana a tasha ta 16, duk jirgin da ke kusa ya ji, tashar tudu ta ji, a lokaci guda. Kuma doka ta ɗora wa kowane kyaftin da ya ji kiran neman ceto ya je, muddin zuwan ba zai jefa jirginsa da mutanensa cikin halaka ba.

Tasha ta 16 ɗin nan, wato megahaz 156.8, duniya ta amince a bar ta don kira da neman ceto. A ɗakin tuƙi ba a kashe ta, dare da rana. Kira kuma hawa uku ne. Ka ji Mayday sau uku, rai ne ke cikin haɗari yanzu-yanzu. Pan-pan, akwai matsala mai gaggawa amma ba a kai ga mutuwa ba, misali inji ya mutu ruwa na jan jirgi, ko wani ya ji mummunan rauni. Securite kuma gargaɗi ne, da shi ake buɗe sanarwar guguwa ko a ce fitilar wani wuri ta mutu ko ga kwantena tana yawo a ruwa.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Hafsa, Allah ya yi maka albarka. Ni aikin gidan rediyo na yi har na yi ritaya, ban taɓa hawa teku ba, amma tarihin abin nan yana burge ni. Ku duba Titanic a 1912. Tana da rediyo, kuma an aiko mata gargaɗin ƙanƙara ba sau ɗaya ba a ranar. Jirgin da ya fi kusa da ita, Californian, mai kula da rediyonsa mutum ɗaya ne, ya kashe na'ura ya je ya kwanta. Carpathia da ta ji kiran tana nesa, kafin ta iso jirgi ya nutse, ta kwashi mutum ɗari bakwai da 'yan kai, kimanin 1,500 suka tafi. Na'ura ba ta gaza ba a daren nan. Kunne ne babu. Daga nan aka fito da yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS a 1914, aka kuma wajabta sauraro ba dare ba rana.

Akwai wani abu da na taɓa gani a hoto, agogon ɗakin rediyo na tsofaffin jirage. A fuskarsa an shafa ja da kore a wurare huɗu, kowanne faɗin minti uku. Idan dogon hannu ya shiga wurin, kowa a teku sai ya yi shiru ya kasa kunne, ko akwai wani mai raunin murya can nesa da ke neman agaji wanda hayaniya ta danne. Sau huɗu a kowace awa. Wannan tarbiyya ce, ba fasaha ba.

Mai Gyaran Waya:
Baba, da girmanka, 1912 fa kake ba mu labari. Ni ban musa batun kiran ceto ba, Hafsa ya kama ni a nan. Amma tambayar ɗalibi a kan hasashen yanayi ce. A nan kam waya ta yi gaba.

Ɗalibi a Plymouth:
Bari in ƙara wa mai waya harsashi, don a da nan garin da nake ne ƙarshen tseren jiragen ruwa na Fastnet. A watan Agusta 1979 jiragen filafilai 303 suka shiga tseren, daga Cowes su zagayo dutsen Fastnet kusa da Ireland su dawo nan. Guguwa ta afka musu cikin dare, 'yan tsere 15 suka mutu, aka bar jirage fiye da ashirin a ruwa. Abin da ake faɗa shi ne hasashen rana bai nuna abin zai kai haka ba, gargaɗin iska mai lamba 10 sai da dare ya fito, lokacin sun riga sun yi nisa. Ashe ke nan jiran lokacin karatu yana da nasa haɗarin.

Hafsan Jirgi:
Yana da shi, ba na musu. Amma duba abin da ya biyo baya. A wancan tseren ba a wajabta wa kowane jirgi ɗaukar rediyon magana ba, shi ya sa masu ceto suka sha wahalar sanin wane ne ya nutse, wane ne ya fake a wata tasha. Bayan abin ya faru, cewa aka yi dole kowa ya ɗauka. Ba a ce a jefar da rediyo ba.

Kuma yau ba mu zauna jiran BBC ba. Tun 1 ga Fabrairu 1999 tsarin neman ceto da gargaɗi a teku na duniya, GMDSS, ya kankama gaba ɗaya, ya shafi jiragen fasinja da na kaya masu tan 300 zuwa sama da ke tafiya tsakanin ƙasashe. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura, NAVTEX, tana sauraron kilohaz 518 ita kaɗai. Ba ka taɓa ta. Gargaɗi na fitowa daga tudu sai ka ji ta yi ƙara, ta turo 'yar takarda siririya irin ta rasit, ko ta nuna a allo. Ni aikina in yage, in karanta, in ga ko ya shafi hanyarmu, in sa hannu, in maƙala inda kyaftin zai gani. Tana kamawa har mil ɗari biyu da hamsin zuwa ɗari huɗu daga tasha. In an wuce nan, tauraron ɗan'adam ke kawo saƙon. Wato gargaɗi ne ke nemanka. Manhajar waya kuwa kai ne za ka tuna ka buɗe ta, kuma mutumin da ya kwana yana fama da igiya da famfo ba ya tunawa.

Sai abu na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina. Abin da kake gani a Windy lissafin kwamfuta ne tsagwaronsa, na cibiyar Turai ko na Amurka, ka zaɓi wanda kake so, wani lokaci ma su saɓa wa juna. Wanda masu gadin teku ke karantawa, ƙwararren ɗan'adam ne a hukumar yanayi ya duba lissafin, ya duba hoton tauraro da rahoton jirage, ya yanke hukunci, ya sa sunan hukumarsa. In ya ce akwai guguwa, ni da kyaftin ɗin da ke gabana da masuncin da ke gefe duk magana ɗaya muka ji.

Uwar Biyu:
Ni dai ina bin ku ne a hankali. Lambobin nan da kuke ta faɗa, lamba 8, lamba 10, na mene ne? A yi mana bayani mu 'yan tudu.

Hafsan Jirgi:
Hajiya, ma'aunin Beaufort ke nan, sunan wani hafsan sojan ruwan Birtaniya da ya tsara shi a 1805. Daga sifili zuwa 12. Sifili ruwa ya kwanta lumui. Lamba 4 iska mai daɗi, kan igiyar ruwa ya fara yin fari nan da can. Lamba 6 ƙaramin jirgi ya fara tunanin gida. Lamba 8 ita ce ake fitar wa gargaɗi na musamman, iska ce mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa. Lamba 10 ta kusa kilomita 90 zuwa ɗari da ɗoriya, teku ta koma fari fat. 12 kuwa sai addu'a.

Shi ya sa ɗalibi ya ji karatun ba bayani. Kowace kalma an auna ta tun da daɗewa. A hasashen Birtaniya, in an ce guguwa na dab da zuwa, cikin awa shida ke nan. In an ce nan ba da jimawa ba, tsakanin awa shida da sha biyu. In an ce can gaba, bayan awa sha biyu. Gani ma haka: mai kyau, ka hango abin da ya wuce mil biyar na teku; mummuna ƙwarai, ƙasa da mita dubu. Mil na teku kuma mita 1,852 ne. Jerin ma ba ya sauyawa, iska, yanayin sama, sannan gani. Ko rediyo na shashsheƙa ka tsinci kalma uku, ka san inda ka dosa.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Kuma mai karatun yana da iyakar kalmomi, wajen 350, ya zagaye tsibirin duka. Mu da muka yi aikin karanta labarai mun san wahalar wannan. Ba ka sauri don mai rubutawa ya samu ya rubuta, ba ka jan murya don lokaci.

Ɗalibi, cikin sunayen da kake ji akwai FitzRoy. Da Finisterre ake kiran yankin, a 2002 aka sauya masa suna don girmama Robert FitzRoy, wanda ya kafa abin da ya zama hukumar yanayi ta Birtaniya. A Oktoba 1859 guguwa ta farfasa jirgin Royal Charter a gaɓar Anglesey, mutum wajen 450 suka mutu. Shi ne ya dage cewa ana iya gargaɗin mutane kafin iska ta iso, ya fara a 1861. Lokacin babu rediyo. Ta wayar tangaraho ake aika saƙo tashoshin jirage, su kuma su ɗaga wata alama a kan dogon sanda, wanda ke ruwa ya hango. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abu Ammar:
Ni abin da ke damuna a duk maganar nan, mutum ya zauna ya ce gobe iska za ta taso ƙarfe kaza. Wannan ba kutse ba ne cikin ilimin gaibu?

Malamin Islamiyya:
Malam Abu Ammar, Allah ya ƙara mana tsoronsa. Amma a bambance. Manomi ya ga gabas ta haɗe ta yi baƙi, iska ta ɗauke, ya ce wa yara ku kwashe shanya, ba wanda ya ce ya yi duba. Alama ya gani wadda Allah ya saba gudanar da al'amari a kanta. Masu hasashe alamun nan suke aunawa da na'ura, shi ya sa suke dacewa kuma suke kuskure. Abin da aka hana shi ne a yanke cewa dole ne, ko a jingina wa taurari. Wanda aka gargaɗe shi ya ɗebi rayukan mutane ya shiga ruwa yana cewa tawakkali, a tuna masa an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Abu Ammar:
Na gamsu, Malam. Allah ya saka.

Ɗan Zangon Tema:
Ku dawo da mu gida. Duk Ingila kuke ta yi. Ni a tashar Tema nake aiki, wajen masu kifi. Manyan jirage suna da duk abin da Hafsa ya lissafa. Amma masu kwale-kwale da ke fita da injin bayan jirgi su kwana biyu uku a ruwa, waya ce kawai a hannunsu, a ƙulle cikin leda. Da sun yi nisa da tudu sabis ya ɗauke. Hukumar yanayi ta Ghana tana fitar da hasashen teku, amma wanda ya riga ya fita, ta ina zai same shi? To su wa ke saurare dominsu?

Hafsan Jirgi:
Tambayar da ta fi kowace ke nan. Tsarin yana nan a rubuce. An raba tekunan duniya yanki-yanki, namu na Afirka ta Yamma yana cikin yanki na biyu, kuma Faransa ce ke haɗa hasashensa da gargaɗinsa na can cikin teku. Najeriya tana da cibiyar haɗa ayyukan ceto a Legas ƙarƙashin hukumar kula da sufurin teku NIMASA, cibiyar na kula da yankin ƙasashe tara, hukumar yanayi NiMet kuma tana fitar da hasashen teku. Ghana na da tata cibiyar a nan Tema. Sai dai duk an gina shi ne da babban jirgi a zuciya. Hasashen Turanci, a rubuce, ta tauraron ɗan'adam, me zai yi wa masuncin da ko rediyo ba shi da ita?

Kuma iskar da ke kashe mutane a Mashigin Gini ba irin ta Ingila ba ce da ake hango ta kwana biyu tana tahowa daga Atlantika. Tamu hadarin nan ne da kuka sani a gida, mai tasowa daga gabas a farkon damina da ƙarshenta. A na'urar rada sai ka ga layi ya miƙe ya toshe gefe guda. Ka leƙa waje, ga baƙin gajimare kamar an ja bango, ƙasansa a miƙe. Iska ta tsaya cik, zafi ya dame ka. Kafin minti goma ta buge ka da lamba 8 ko fiye, ruwan sama ya rufe ko gaban jirgi ba ka gani. Bayan awa ɗaya kamar ba a yi ba. Irin wannan manhaja takan ce maka yau akwai yiwuwar tsawa, amma ba za ta ce ga shi nan mil goma gabas da kai ba. Wanda zai faɗa maka shi ne jirgin da ya riga ka shan dukan, in ya ɗauki rediyo ya sanar. Sai kuma hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ta baro arewa takan sauka har teku, hazo ya rufe, kwale-kwale ba fitila ba komai ya ɓullo maka a gaban hanci.

Mai Gyaran Waya:
To tsakani da Allah, Hafsa, in ka kira tashar tudu a ruwanmu ana ɗauka?

Hafsan Jirgi:
Wani wuri ana ɗauka tun kafin ka rufe baki. Wani wuri kuwa, ba zan kama suna ba, mun taɓa tsayawa jiran shiga tasha, wani ma'aikacinmu ya yanke jiki ya faɗi, na yi ta kira shiru. Wani jirgin da ke gefe ne ya amsa, ya haɗa mu da wakilinsa a tudu ta waya. Ga kuma masu mayar da tasha ta 16 dandali, wani ya sa kiɗa, wani ya yi fito, wasu su yi ta zagin juna cikin dare. In mai neman ceto ya yi magana a lokacin, wa zai ji?

Don rage irin wannan ne aka ƙara jan maɓalli a jikin rediyon zamani, yana ƙarƙashin wani ɗan murfi. Ka ɗaga, ka danna ka riƙe 'yan daƙiƙu, sai ya aika lambar jirginka mai alƙaluma tara da inda kake ta tasha ta 70, ƙararrawa ta tashi a duk rediyon da saƙon ya kai. Alƙaluma ukun farko ƙasa suke nunawa, Najeriya 657, Ghana 627. Akwai kuma wata na'ura da ke ɗaure a waje, in jirgi ya nutse ta ɓalle da kanta ta taso, ta yi ta kiran tauraron ɗan'adam a megahaz 406. Amma duk wannan, in ƙararrawa ta tashi a ɗakin da ba kowa, ko aka ji ba jirgin da za a tura, an koma gidan jiya.

Ɗan Zangon Tema:
Kamar jirgin fasinjan Senegal, Joola, ke nan. 26 ga Satumba 2002, daga Ziguinchor za ta Dakar, ta kife da dare a ruwan Gambiya cikin iska da ruwan sama. An loda mata mutane ninkin abin da aka gina ta ta ɗauka har sau uku da wani abu. Mutum 1,863 suka mutu a ƙidayar hukuma, 64 kacal suka tsira. Masunta ne suka fara tsamo mutane, ceton hukuma sai da gari ya waye aka daɗe. Ta fi Titanic yawan rayuka, amma a cikinmu nawa ne suka san sunanta?

Hajiya Mai Kifi:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ni daga Yawuri nake sayo kifi, rabin rayuwata a bakin ruwa take. Ku kuna maganar teku, mu kogin Kwara da tafkin Kainji ne ke cinye mana mutane. Wanda ya faru kusa da Wara a Mayun 2021, har yau akwai gidajen da ba su ga gawar nasu ba. Na Patigi a Yunin 2023, 'yan biki ne, fiye da mutum ɗari. A mashigin da nake hawa ba rediyo, ba mai gadi, ba mai cewa yau kar a fita. Mai jirgi ya ɗaga kai ya dubi sama, in kasuwa ta tashi kowa na son komawa gida, sai a loda buhu a loda babur a loda mutane. In abu ya faru a tsakiya, sai wanda Allah ya sa yana su a kusa ya ji ihu.

Mai Gyaran Waya:
Allah ya jiƙansu. Amma Hajiya, wannan ai lodi ne da tafiyar dare da kututturen itacen da ke ƙarƙashin ruwa. Rediyo ba ta hana lodi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta ce a sa rigar ruwa, an bi?

Hajiya Mai Kifi:
Ba ta hana lodi ba, ƙanena, amma wanda ya riƙe jarka yana yawo a ruwa awa biyu, da an ji da wuri da an tsamo shi. Kuma iskar yamma da ke tasowa a tafkin nan ba wasa ba ce, ka tambayi Sarkawa.

Tsohon Ɗan Rediyo:
Ga inda na ce zan dawo. FitzRoy bai jira kowane masunci ya mallaki na'ura ba, alama ya ɗaga a bakin ruwa. A tafkin Victoria ma an yi irin haka a 'yan shekarun nan, hukumomin yanayi na ƙasashen wurin da taimakon hukumar yanayi ta duniya suka riƙa fitar da hasashe na musamman don masunta, ana yaɗa shi a gidajen rediyon yankin da harshen mutane da kuma WhatsApp, a wasu mashigai har tuta ake ɗagawa mai nuna halin ruwa. Mu da kowane mai jirgi ke da 'yar rediyo rataye, me zai hana gidan rediyon jiha ya ware minti biyu safe da la'asar, lokaci ɗaya kullum ba fashi, da Hausa da Nufanci, kalmomi ƙayyadaddu? Sarkin ruwa ya ji, ya ɗaga jar tuta. In tuta na sama ba mai kwance jirgi.

Mai Gyaran Waya:
Baba, ka ga ka dawo layina. WhatsApp ka ambata da bakinka. A kogi akwai sabis a wurare da yawa. A buɗe zaure, a sa masu jirage, a riƙa tura saƙon murya. Ba sai an sayi komai ba.

Hafsan Jirgi:
Don hasashe kafin a tashi, na yarda da kai ɗari bisa ɗari, a yi amfani da duk abin da ke kai saƙo. Don neman ceto, a'a. Jirgi na kifewa cikin daƙiƙu ne. Hannu a jiƙe, waya a leda, ka buɗe ta, ka nemo zaure, ka naɗi murya, ka jira wani ya ga dama ya saurara? Oba-oba ta ruwa maɓalli ɗaya ce, ba ta tsoron jiƙa, wasu ma in sun faɗa ruwa tasowa suke. Ta hannu wat biyar zuwa shida ce, tsakanin kwale-kwale biyu ba za ta wuce 'yan mil ba, don zangon nan sai inda eriya ke hangen eriya yake zuwa. Amma a kafa mai wat 25 a mashigi, eriya a kan dogon ƙarfe, za ta rufe babban yanki. Sharaɗin ɗaya ne, a samu wanda aikinsa ke nan ya zauna kusa da ita tun jirgin farko har na ƙarshe, da jirgi mai inji da mai a cikin tanki yana jira. Kuma ba a kama tashoshin nan haka kawai, akwai lasisi da ɗan horo, sai a bi ta hukuma.

Hajiya Mai Kifi:
To wa zai biya mai zaman? Nan ne za a watse. Ƙungiyar masu jirage tana karɓar kuɗi a kan kowane lodi, ina gani da idona. In da za a cire wani abu daga ciki, ya isa. Amma sai in sarkin ruwa da hakimi sun sa baki, in ba haka ba wata biyu za a ce batir ya mutu.

Uwar Biyu:
Ko a sa matan da ke soya kifi a bakin mashigin, su da ba sa tashi daga wurin tun safe.

Hajiya Mai Kifi:
Wallahi da sun fi mazan riƙe amana. Sai dai a ce mace ta hana jirgi tashi, za a sha rigima.

Mai Gyaran Waya:
Batun batir ku bar mini, faifan sola ɗaya da batirin mota sun riƙe ta. Har yanzu ina kan bakana cewa nan da shekara goma waya mai kama tauraron ɗan'adam za ta haɗiye duk wannan. Amma Hafsa, turo mini sunan irin oba-obar da kake nufi da hoton bayanta, in tambayi mutanenmu na Alaba nawa take yanzu. Hajiya, ke kuma ki binciko mana jirage nawa ke tashi daga mashiginku ranar kasuwa, don a san guda nawa ake magana.

Hafsan Jirgi:
Zan turo in na sauka daga aiki, ƙarfe huɗu nake karɓa. Ka tabbata ka ce musu ta ruwa, mai tasha ta 16, kar su haɗa ka da irin ta masu gadin biki.